Ƙafa Huɗu Cikin Rairayi

Ni dai ba mai yawo ba ce. Duk wanda ya san ni a Dogon Dutsi ya san inda zai same ni: ko ina zaure wajen injin niƙa, ko ina tsakar gida gindin bedi ina tankaɗe ina surutu da duk wadda ta shigo. Kasuwa ma sai in yi wata da watanni ban taka ta ba. Maigidana yakan ce da za a ɗauki gidan nan a kai shi Dosso da ni a ciki, ba zan sani ba sai na ji muryar ladan ta sauya. Gaskiyarsa kuwa, don ni da kunne nake ganin gari.

Gidanmu a bakin gari yake, daidai inda ƙasa mai tauri ta ƙare rairayi ya fara. Bayan katangarmu akwai wani kwari da ruwa ke bi da damina, da rani kuma sai ya zama yashi zalla, mai laushi kamar garin da aka tankaɗe sau biyu. Mai zuwa gidanmu da mota daga cikin gari, in yana son gajeriyar hanya, sai ya ratsa shi. Masu zuwa ƙauyukan da ke bayanmu ma ta nan suke bi. Shekara ashirin da ɗoriya ina jin su ta bayan katanga, har na san su kamar yadda uwa ke sanin kukan ɗiyanta. Ƙananan motocin haya, masu tura kansu da ƙafafun baya kawai, in sun shiga kwarin nan sai injinsu ya ɗaga murya sama kamar akuyar da aka kama wa kunne, ka ji yashi na watsuwa baya, shaaa. Su kuwa manyan motocin ma'aikatan raya karkara, waɗanda ƙafafunsu huɗu duk ke ja, ba su ihu. Gurnani suke yi ƙasa-ƙasa, mai kauri, murya ɗaya tun daga shiga har fita, kamar bijimin da ya ƙoshi.

Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, aji uku na yi aka cire ni. Amma injin niƙan nan ya karantar da ni abin da ya karantar. Ina daga cikin ɗaki nakan san bel ya saki. Nakan san an sayar mana da man gazuwal mai ruwa tun kafin hayaƙi ya nuna. Har mata suka fara cewa wai aljana doguwa gare ni mai raɗa mani a kunne. Babu wata doguwa. Zama ne wuri ɗaya, da saurare.

To, autanmu shi ne mai maganar. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma na girme shi nesa, ni na goya shi. Ya taso ɗan kasuwa, yana cikin samarin nan masu ɗage wando da tara gemu, ba ya jin kiɗa, ba ya son a ambaci iskoki a gabansa ko da wasa. Sana'arsa sayen wake da gero a kasuwannin ƙauye, wajen Sukukutane da kewayenta inda muka fito, ya kawo gari ya sayar. Matsalarsa mota. Sai ya tara kaya ya zauna kwana biyu, kwana uku yana jiran motar wani, farashi na sauyawa yana kallo. Da abin ya ishe shi, sai ya yi abin da ya girgiza dangi: da kaka, lokacin da dabbobi ke da ƙiba, ya sayar da shanun da Baba ya bar masa. Kaf. Har da jikar jar saniyar nan da muka sha nononta muna yara, ita ce ta ƙarshe daga zuriyarta a garken. Ya ce mota zai saya. Dattawanmu na ƙauye suka yi ta faɗa, suka ce saniya tana haihuwa, mota kuwa sai dai ta ci. Shi ko ya toshe kunnensa. Kowa dai ya san lissafin: in motar ta yi kyau, Auta ya tashi. In ta zo da gardama, ba shanu, ba mota, kuma ba bakin da zai sake buɗewa a gaban dangi.

Watanni ya yi yana nema. Ran nan, wata Juma'a cikin bazara, zafi kamar a toya ƙwai a kan dakali, ya kira ni da hantsi.

"Yaya, ki share ƙofar gida. An samu."

"Mi aka samu? Mata ko mota?"

"Ke dai ki share. Bayan an sauko masallaci za a kawo ta gidanki. Ke za ki fara sa mata albarka."

Wayyo daɗi! Na kashe inji, na sallami masu niƙa, na sa aka kama zabi biyu. Na dama fura da nono mai yawa na sa a randa ta yi sanyi. Na share ƙofar gida har sau biyu, na yayyafa ruwa. Na ɗauko atamfar da nake ajiya don biki na ɗaura, kamar ni za a kai ɗaki.

Ina durƙushe gaban murhu ina juya miya sai na ji wata mota ta shigo kwarin bayan gida a guje, tana ihu, yashi na watsuwa. A raina na ce, kai, wannan direban haya bai da tausayin inji. Ban ko ɗaga kai ba. Sai kuma na ji an yi oda a ƙofar gidana, oda mai kauri kamar ta babbar motar kaya, unguwa ta ɗauki sowa. Na saki ludayi na fito da gudu.

Jama'a, ban taɓa ganin akori-kura irin wannan ba. Fara sol, ƙofa huɗu, hancinta ya kai mani ƙirji. Bayanta kuwa, wurin zuba kaya, in ka shimfiɗa tabarma mutum shida za su ci tuwo a ciki ba mai taɓa gwiwar wani. Tayoyinta kamar turame. An wanke ta an goge, rana na dukanta tana mayarwa. Ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba. Auta ya diro daga ciki yana dariya yana cewa, "Yaya, guɗa kuma? Ki ce masha Allahu mana." Na ce, "Masha Allahu, kuma ayyururui!" Duk abin da kunnena ya ji a kwari, farin motar nan ya shafe shi daga kaina.

Mai motar wani alhaji ne daga Dosso, dillalin motocin da ake kawowa daga bakin teku. Mutum mai fara'a, mai ƙamshin turare, Hausarsa da ɗan gishirin Zabarmanci. Shi ya tuƙo ta. Ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Hajiya, ƙanenki ya yi sa'a. Wagga mota ba ta san wahala ba. A ƙasar da ta fito, ko rami babu bisa hanya."

Wanda zai duba ta kuwa taubashina ne, ɗan ƙanwar Baba, makanike mai gareji a bakin tasha. Tun muna yara ba mu haɗuwa sai mun tsokani juna. Ran nan daga masallaci ya zo kai tsaye, cikin farar shadda sabuwa fil, ɗinkin babbar riga, an buga ta tana ƙyalli, tana ƙara in ya motsa. Ni ban taɓa ganinsa ba baƙin mai a jiki sai ran nan.

Na ce, "A'a! Wa ya wanke mana kai? Ashe kai ma mutum ne a ƙarƙashin dauɗar?"

Ya ce, "Kunnen zomo, koma madafa. Nan aikin masu ilimi ne. Wagga ba injin markaɗen tattasai ba ce."

"Allah ya ba masu ilimi sa'a. In ka gama ka zo ka ci zabo, na ajiye maka ƙafafu da wuya."

Ya naɗe hannun rigarsa a kafaɗa ya fara aiki, kuma in faɗi gaskiya ya san aikinsa. Ya sa aka buɗe hancin motar. Ya zaro sandar gwada mai, ya shafa a yatsa biyu, ya murza, ya sansana. Ya jira inji ya ɗan huce ya buɗe wurin ruwa ya leƙa, ya ce yana duba ko mai ya gauraya da ruwa. Ya sa aka tada ta, ya kara farin ƙyalle a bakin bututun hayaƙi, ya ɗaga ya nuna wa kowa: tas. Ya bi jikinta yana ƙwanƙwasawa da bayan yatsa, yana sauraren inda aka cike lotsawa aka shafe da fenti. Ya samu wuri ɗaya a ƙofar baya, alhaji ya ce ai amalanke ne ya goge ta a Gaya, aka yi dariya. Ya shafa tayoyi ya ce cinsu daidai yake ciki da waje. Ya hau baya ya yi tsalle, motar ta lotsa ta dawo sau ɗaya ta tsaya. Sannan suka baje takardu a kan tabarma, na duwan, wato kwastan, da na shaidar mota, Auta na karanta lamba shi yana dubawa a jikin ƙarfe, harafi bayan harafi.

Saura ƙarƙashi. Taubashina ya dubi ƙasar da na yayyafa wa ruwa, ya dubi shaddarsa. Ya tattare riga, ya ranƙwafa, ya leƙa daga gefe kamar mai neman kaza a ƙarƙashin rumbu. Akwai wani faffaɗan ƙarfe da aka rufe cikin motar da shi daga ƙasa. Ya ce, "Ba ɗigon mai ko ɗaya. A bushe take." Ya miƙe yana kaɗe gwiwa.

Daga nan aka ce a gwada ta a hanya, Auta ya rantse sai da ni. Na ce ni da ko tasha ban san hanyarta ba? Ya ce yau kam sai na fita. Maigidana na gefe yana dariya yana cewa a rubuta ranar. Aka kama ni aka tura sama, don hawanta ma aiki ne. Aka ba ni gaba. Alhaji ya taɓa wani abu, sai ga sanyi yana fitowa yana dukan fuskata, cikin bazarar nan! Na ce, "Auta, in ka saye ta ka bar mani ita nan ƙofar gida in riƙa barcin rana."

Alhaji ya ce a bi ta cikin gari, hanyar ta fi kyau, kada a ɓata wankin. Muka bi ta ƙasa mai tauri muka hau kwalta, hanyar Dosso. Auta ke tuƙi. Ya kunna rediyo wani malami na wa'azi, na ce, "Don Allah a ba malam haƙuri ya ɗan dakata, ina son in ji ta." Ya kashe. Na rufe ido.

Kai, injin nan yana da murya. Ba kakkarwa, ba tari, ba wani ƙaramin ƙarfe da ke kuka a ɓoye. In ya sauya giya sai ta shiga sumul kamar an zuba mai a tuwo. Ya taka ta har ƴan kabu-kabu suka zama kamar suna tsaye, ya taka birki ta tsaya cak ba ta karkata ba. Ya saki sitiyari ta tafi sak.

Taubashina daga baya ya ce, "To, kunnen zomo, mi doguwar taki ta ce?"

Auta ya ce, "Subhanallahi, ku bar wagga magana."

Na ce, "Injin nan lafiyarsa ƙalau. Ya fi ku lafiya ku duka."

Motar ta kaure da shewa. Alhaji ya ce, "Hajiya ta gama magana!" Auta ya dube ni, idonsa ya cika da ƙwalla. Muka juyo, muka sake biyowa ta cikin gari, a hankali, yana ɗaga wa mutane hannu tun motar ba ta zama tasa ba.

Muka dawo gida. Maza suka zauna a zaure, na aika masu da tuwo da zabi da fura. Ina tsakar gida ina jin su, an ci an sha, an fara maganar ciniki, murya ta yi ƙasa. Na san saura kaɗan alhaji ya ce ya sallama, a tafa hannu, a yi fatiha. In aka kai nan kuwa magana ta ƙare, namiji ba ya komawa baya.

Ina wanke ƙwarya sai ga motar ma'aikatan rijiyoyi ta dawo daga ƙauye, wadda ke wucewa kusan kullum da la'asar. Ta shiga kwari. Gurnaninta na nan yadda na san shi, ƙasa-ƙasa, ba ihu, har ta fita. Ƙwaryar ta tsaya a hannuna. Na ce to, wace mota ce ta yi ihu ɗazu? Na bi abin a kaina daki-daki. Ihu a kwari, yashi na watsuwa, sannan oda a ƙofata. Tsakaninsu ko miya ban gama juyawa ba. Ba wata motar haya da ta wuce. Ita ce. Ƙatuwar nan mai ƙafa huɗu, kukan mai ƙafa biyu ta yi.

Na so in yi shiru, wallahi na so. Ni da kaina na yaba ta a gaban mutane. Ga Auta yana murna irin wadda rabon da in gani a fuskarsa tun kafin rasuwar Baba. Kuma wace ce ni, mai niƙa, da zan tsoma baki bayan makanike ya gama? Amma na tuna jar saniya. Na je bakin zaure na tsaya daga ciki na ce, "Auta, zo ka ɗauke mani wani abu."

Ya shigo yana goge hannu. "Mi ne ne, Yaya? Muna tsakiyar magana."

"Da kuka zo ɗazu ta kwari, wa ke tuƙi?"

"Alhaji."

"A guje ya shiga?"

"A guje. Ya ce yana nuna mani ƙarfinta."

"Ya sa mata karabo?" Karabo ita ce ƙaramar giya ta biyu da direbobi ke ja in za su shiga yashi, don ƙafafun gaba su kama aiki tare da na baya.

"Ya sa. Da idona na ga fitilarta ta kama."

"Fitila ta kama, amma ƙafafun gaba ba su kama ba. Ban ji su ba."

Ransa ya ɓaci. "Haba Yaya! Ke da bakinki kika ce lafiyarta lau."

"Inji na ce. Ban ce ƙafa ba. Kwalta muka bi, Auta. Kai kwalta za ka riƙa bi zuwa Sukukutane?"

Na ce, "Ka tuna yadda Baba ke sayen san amalanke?"

Ya tuna, don ya sha binsa. Baba ba ya sayen sa a dandalin kasuwa inda ƙasa ke da tauri, komai kyansa. Sai ya ce a ɗaura masa amalanke, a loda buhuna, a kora shi tsakiyar yashi. A can zai ce a tsaya. Sai san ya tsaya cak, ƙafafun amalanke sun zauna, sannan ya ce to, a tashe shi. Yakan ce kowane sa na iya ratsa yashi in ya shigo da gudunsa, tashi daga tsaye shi ke tona mai ciwon kafaɗa.

Auta ya ce, "In na faɗi haka alhaji zai ce na raina shi."

"Ka ce ni ce. Ka ce yayarka tsohuwa ce mai rigima, ba ta sa albarka sai an yi mata abin da ubanta ke yi. Ka ɗora mani."

Haka ya yi. Ina jin alhaji yana dariya yana cewa ai an riga an gwada, ga rana ta yi, ga hanya mai nisa gabansa. Taubashina ya ɗaga murya don in ji: "Ku bar ta! In ba a yi ba, shekara goma za ta yi tana niƙa mu da baki." Maigidana, Allah ya saka masa, ya ce ai buhunan gero na nan cikin ɗakin ajiya, loda su ba wuya. Maƙwabta suka kama, nan da nan aka cika bayan motar.

Unguwa duka ta biyo mu kwari. Ni ina tsaye a gindin katangata ta waje, wurin da ban taɓa tsayawa ba duk shekarun nan da nake saurarensa daga ciki. Auta ya karɓi makulli. Alhaji ya matso ya ce, "Ka shige ta da ƙarfi, kada ka sassauta." Auta ya ce to. Ya shigo a hankali, ya kai tsakiya, inda yashin ya fi zurfi, ya tsaya. Ya ja karabo. Ya leƙo ta taga ya ce fitila ta kama. Ya taka.

Injin ya ɗaga murya sama. Ƙafafun baya suka hau juyawa suna feshin yashi har kan masu kallo, suna haƙa, bayan motar na zama ƙasa a hankali kamar raƙumin da aka ce ya durƙusa. Na gaba kuwa suna tsaye abinsu, ko motsi, kamar baƙi a gidan biki.

Auta ya kashe mota ya sauko. Bai dubi kowa ba.

Taubashina ya taho wurina. Ya cire hula, ya tuɓe babbar rigar nan, ya ninke, ya miƙo mani. Ya kwanta a yashi da farin wandonsa ya ja jiki ya shige ƙarƙashin motar. Muka ji yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Can ya fito, yashi har cikin gemu, baƙin mai a goshi, ya koma taubashin da na sani.

Ya ce, "Babu kardan na gaba."

Na ce, "Yi mana Hausa, mai ilimi."

"Sandar ƙarfen da ke kai ƙarfin inji ga ƙafafun gaba. Ba lalacewa ta yi ba. Babu ita. An kwance ta, ga ramukan ƙusoshi nan a buɗe. Faffaɗan ƙarfen nan ya rufe wurin, sai ka kwanta za ka gani." Ya dubi rigarsa a hannuna ya girgiza kai. "Shekara talatin ina kwanciya ƙarƙashin motocin mutane. Yau ɗaya da na yi ado."

Duk ido ya koma kan alhaji. Ya cire tabarau ya goge. Ya ce shi ba ɓoyewa ya yi ba, sandar na nan a shagonsa a Dosso. Wai haƙoran da ke juya ƙafafun gaba ne ke kuka, aka cire ta don kada ta ƙara ɓarna a doguwar hanya, kuma da niyyarsa ya faɗa kafin a rabu. Ko da gaske ne, ko ba da gaske ba, shi da Allahnsa. Ba wanda ya zage shi. Maigidana dai ya ce, "To, alhamdu lillahi da ka tuna yanzu, Alhaji." Wani daga baya ya tuntsire da dariya.

Fitar da ita kuwa sai da aka sauke buhuna duka, aka haƙe yashi, aka shimfiɗa tsofaffin zana a ƙarƙashin tayoyi. Duk da haka ta ƙi. A ƙarshe maƙwabcinmu mai amalanke ya kawo bijimansa biyu aka ɗaura igiya. Auta na kallo shanu suka ja motar da ya sayar da shanu dominta.

Ya same ni a tsakar gida bayan an watse, ya zauna a kan turmi. Ya ce, "Shi ke nan, na fasa. Gobe in koma neman wata."

Na ce, "Kada ka yi fushi da inji don laifin ƙafa. Na ji shi da kunnena, irinsa ba kullum ake samu ba. Baba ma yakan sayi sa mai rama in ƙirjinsa na da faɗi. Ka ce wa alhaji ya tahi ya gyara ta da aljihunsa, taubashinka ya bi shi ya tsaya a kai, da kayan aikinsa ba da shadda ba. In ta dawo a sake kai ta kwari. Ta tashi, ka saya. Ba ta tashi ba, kuɗinka na hannunka."

Alhaji ya yi ta jan magana, amma ya yarda, don ya san labarin zai riga shi isa tasha, kuma ba wanda zai sake taya motar a garin nan.

Kwana goma sha biyu ba labari. Auta ya rame. Ni kuwa duk motar da ta shiga kwari sai in tsayar da abin da nake yi. Ran kwana na sha uku, da hantsi, ina zaure na cika inji da dawar wata mata, sai na ji wani abu ta ƙarƙashin ƙarar injina. Na kashe shi da sauri, matar na cewa lafiya? Na ɗaga mata hannu. Daga bakin kwari ake tahowa, a hankali, ba gudu. Gurnani mai kauri, ƙasa-ƙasa. Ya zo tsakiya ya tsaya. Sai ya sake tashi, da muryar nan dai, bai ɗaga ba, bai yi ihu ba, ba yashin da ya watsu, ya taho har ya hau ƙasa mai tauri.

Ban jira oda ba. Na leƙa cikin gida na ce wa maigidana, "Malam, Auta ya yi mota!" Na saki guɗa tun ba su kawo ƙofa ba.

Suka tsaya. Taubashina ya diro cikin tsummansa na aiki, baƙi ƙirin, ya ce, "To, kunnen zomo, a loda gero a sake maki, ko kin ji?"

Na ce, "Na ji. Amma a loda. Baba ba ya saye sai da kaya."

Aka loda, aka koma, aka tsaya a tsakiya. Ta tashi da buhunan nan kamar ba ta san da su ba. A nan cikin kwari, rana na dukan kowa, alhaji ya miƙa hannu ya ce ya sallama, aka shafa fatiha. Auta ya zo ya durƙusa gabana a kan yashi, da mutane da komai, ya ce, "Yaya, sa mata albarka." Na dafa hancin motar, da zafinsa, na sa.

Ya so ya kai ni Sukukutane a tafiyar farko, na ce wa zai kula da inji? Ranar kasuwa da yamma dai nakan rage surutu. In ya shigo kwari nakan san ko wake ya ɗauko ko gero, don wake ya fi zama a baya, kuma nakan san in ya yi lodin da ya wuce kima. Ran da na ji haka, kafin ya kashe mota na riga na tsaya a ƙofa da faɗana a baki.